Takardar fili daban, izinin gini daban

Mutum ya sayi fuloti a Gombe, a Tunfure ko bayan Pantami, ya karɓi takardar mallaka, birkila ya ja layi aka fara haƙa. Gini bai kai linta ba sai ga ma'aikata da jan fenti, sun rubuta a bango a dakata. Sai ka ji yana faɗa: "Ba filina ba ne?"

Naka ne, Alhaji, amma doka biyu ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, takardar da aka ba ka kuwa shaida ce cewa kai ke da haƙƙin riƙe filin, galibi shekara 99. Abin da za ka ɗora a kai kuma hurumin dokar tsara birane ne. Ta tarayya, mai lamba 88 ta 1992, ta ce ba mai fara gini, ko da gwamnati ce, sai da izini. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari aikin jihohi ne, shi ya sa a Gombe hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA, ake kai wa zane.

Zanen nan shi ne inda aka fi yin ha'inci. Tun 1969 akwai dokar da ta kafa ARCON, majalisar da ke yi wa masu zanen gini rajista, kuma wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da ikon kiran kansa akitek. Amma sau nawa ake ɗauko zanen gidan wani, a canza suna, a nemo hatimi? Fuloti yana kallon gabas, zanen na fili ne mai kallon kudu, ba ruwan kowa.

A nan ne masu sana'ar ke ƙorafi, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Suna so duba zane ya wuce ƙirga takardu da karɓar kuɗi. A duba tazarar da aka bari tsakanin gini da titi, da tsakaninsa da katangar maƙwabci. A duba ko kowane ɗaki iska na shiga ta fita, ko sokawe ya yi nesa da rijiya, ko ruwan indararo yana da inda zai bi. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne a garin da ƙasarsa yashi ce, kwazazzabai kuma suna cin unguwanni duk damina. Gida ɗaya da ya toshe hanyar ruwa ya isa ya jefa layi guda cikin ambaliya.

Kakanninmu da ba su san takarda ba sun bar tsakar gida, sun yi zaure, sun yi bango mai kauri. Mu muka cike fuloti da ɗakunan haya har katanga, muka rufa kwano ba silin, sannan watan Afrilu ya zo kowa ya fito da tabarma waje.

Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, sai dai ba ya da haƙora a jiha sai majalisarta ta mayar da shi doka, kuma wannan na cikin gyaran da masu zanen ke nema. Kafin nan, wanda ya yi gini ba izini, dokar tsara birane ta ba hukuma ikon dakatar da shi, ta sa ya gyara, ko ta rusa.