Ƙarfen Ƙugu Ma Yana Iya Zuwa Da Aibi

A Gombe an daɗe ana cewa wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu, idan ciwo ya dawo, jikinsa ne ya ƙi ƙarfen, babu wanda za a tuhuma. Masu faɗin haka ba su da laifi, abin da suka ji ke nan.

Amma akwai samfurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe, yana sakin ɓurɓushin ƙarafan kobalt da kuromiyam, su lalata tsoka, su shiga jini. A 2010 wani kamfani ya janye irin wannan kusan 93,000 daga kasuwa, a 2013 kuma ya amince da biyan diyyar kimanin dala biliyan 2.5 ga majinyata a Amurka.

Ba kowane ciwo ne aibin ƙarfe ba, lafiyayyen ƙarfe ma yana cinyewa da shekaru. Hoto da gwajin jini ne ke rarrabewa.

Abin da ke damuna, 'yan'uwanmu masu sikila da ke zuwa Indiya ko Masar don a sa musu ƙarfen ƙugu kan dawo ba takardar ƙarfen. Ku nemi sunan kamfani da lambar samfurin, ku adana, idan ƙarfen ya zo da aibi lauya zai buƙace su.

Don Allah ku tura wa masu jinya.