Gayyar cire kachala a Kogin Haɗeja

Gayyar cire kachala aikin taimakon kai da kai ne da mutanen garuruwan bakin Kogin Haɗeja suke yi a jihohin Jigawa da Yobe, inda magidanta da samari suke fita da lauje da adda da shebur, su shiga ruwa su sassare ciyawar kachala da ta toshe kogin, su yashe laka da rairayi, su kuma ɗaure jinga a wuraren da ruwa yake ɓallewa yana shiga gari. Ba biyan kowa ake yi ba, iyakaci a ci abinci a raba goro, sai kuma fatan ruwa zai koma hanyarsa ya kai gonar da ya daina zuwa. An fi yin wannan gayya a fadamar Haɗeja da Nguru, wato wajajen Guri da Kirikasamma da Auyo da Birniwa a Jigawa, da Nguru da ƙasar Bade a Yobe.

Yadda kogin yake

Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin a kai Wudil, daga nan sai sunan ya koma Kogin Haɗeja, ko da yake mutanen Wudil kam Kogin Wudil suka sani. Ya bi ta ƙasar Ringim ya wuce Haɗeja, to da ya wuce Haɗeja sai ƙasar ta zama shimfiɗaɗɗiya, ga tsofaffin tuddan rairayi jere, sai ruwan ya rasa gangaren da zai bi da gudu ya rarrabu. Akwai tsohuwar hanyar kogin, akwai Burum Gana, akwai kuma Marma wadda take kai ruwa Tafkin Nguru. Abin da ya tsira daga nan shi ne yake haɗuwa da Kogin Jama'are kafin Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya bi ta Gaidam, ya zama iyakar Najeriya da Nijar ta ɓangaren Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi.

A da kogin na damina ne. Wajen watan Agusta da Satumba ya cika ya malala cikin fadama, mai shinkafa ya yi shinkafarsa, masunta su kama kifin da ya shigo yin ƙwai, in ruwa ya fara janyewa a bi danshi a shuka wake da sauran kayan rani, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa, can cikin bazara kuma kogin ya ƙafe har ka taka ka tsallake da ƙafa. Wannan ƙafewar da mutum zai ɗauka rashi ce, ita ce take share kogin duk shekara, don duk ciyawar ruwan da ta tsiro rana da bushewa suke gamawa da ita, in damina ta dawo kuma ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe tarkacen ya yi gaba.

Dam da abin da ya biyo baya

An gama dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama na Challawa da ke ƙasar Ƙaraye a 1992, sannan ga wata madatsa kusa da Haɗeja da aka yi don noman rani na wajen Auyo. Hukumar kula da kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da su. Ba wanda zai ce dam ɗin nan ba su yi amfani ba, ruwan famfon Kano da shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa duk daga nan ne. Amma sun sauya wa kogin hali. Babbar ambaliyar damina ta ragu tunda ana tare ta, ga farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙara rage ta, da rani kuma maimakon kogi ya bushe sai ana sako ruwa kaɗan kaɗan saboda masu noman rani da famfo, ragowar yana gangarowa har fadama. Sai aka wayi gari akwai ruwa marar zurfi marar gudu a kwance wata goma sha biyu, wanda shi ne daidai abin da kachala take so.

Kachala, da masana suke kira Typha, doguwar ciyawar ruwa ce mai ganye kamar takobi, tana wuce tsayin mutum nesa ba kusa ba, tana fitar da kai ruwan ƙasa mai kama da zangarniyar gero. In kan ya bushe sai ya farfashe kamar auduga, iska ta ɗebi iri dubbai barkatai ta watsa. Amma ba ma irin ne babbar matsalar ba, saiwar ce, don tana tafiya ne a kwance cikin laka tana fitar da sabbin tsiro ta ko'ina har ta saƙa wata irin tabarma a ƙasan ruwa. Ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba fa, dama can akwai ta jefi jefi a bakin tafkuna, sauyin ruwan ne ya ba ta dama ta yi kaka-gida, musamman daga shekarun 1990 zuwa yau.

In ta cika hanya ruwa ya rage gudu, in ya rage gudu ya sauke rairayin da ya ɗauko, hanyar ta ƙara cikewa ta zama marar zurfi, kachala ta ƙara samun wurin zama, haka abin yake ta juyawa. Da tsohuwar hanyar kogin da Burum Gana suka toshe sai yawancin ruwan ya karkata Marma, shi ya sa za ka ga abin mamaki a ƙasa ɗaya: garuruwan ɓangaren Marma da Nguru ruwa ya cinye musu gonaki ya ƙi janyewa, wasu har gidaje, su kuma na ɓangaren Burum Gana da na ƙasa wajen Gashuwa suna zaune fadama ta bushe suna jiran ruwan da ba zai zo ba. Ga tsuntsayen jan baki da suka samu wurin kwana da sheƙa a cikin ciyawar, su fito da safe su faɗa wa shinkafa da gero, ga sauro, ga ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, kwalekwale ba ya iya ratsawa, taru ba ya shiga, shanu ba sa samun mashaya.

Yadda ake gayyar

Gayya ba sabon abu ba ce a ƙasar nan, da ita ake noma gonar suruki da ta marar lafiya, da ita ake gyaran hanya da maƙabarta, abin da ya sauya kawai shi ne an kai ta cikin ruwa. Yawanci maganar daga wajen masunta da manoman fadama take tasowa, a kai wa mai unguwa ko bulama, a faɗa wa sarkin ruwa da sarkin noma, a sanar a masallaci ko a sa sanƙira ya zaga, a tsayar da rana wadda ba ta kasuwa ba. Wanda ba zai iya shiga ruwa ba ya kawo hatsi ko kuɗin man kwalekwale ko buhunan zuba ƙasa, mata su dama kunu da fura su yi tuwo, wani wurin har da makaɗi don samari su ji ƙarfi.

Aikin kansa wahala ce tsagwaronta. Mutum yana tsaye cikin ruwa iya ƙugu ko iya ƙirji, ƙafa ta nutse a laka, yana lalube da lauje yana yanka, ganyen yana tsaga hannu, ga matsattsaku ga macizai, wasu a baya suna jan abin da aka yanka zuwa gaɓa don in aka bar shi ya bi ruwa to can gaba zai je ya sake toshewa, an yi ba a yi ba ke nan. Masu shebur kuma suna bi suna haƙe tudun rairayin da ya taru a bakin hanya, wanda sau da yawa ma shi ne ainihin abin da ya hana ruwa shiga.

Akwai dabara guda da ta bambanta aikin da zai yi ƙarko da wanda ba zai yi ba, wato inda aka yanke ciyawar. Ganyen kachala a ciki kamar soso yake, ta nan take tura iska zuwa saiwar da ke binne a laka. In ka sare ta a saman ruwa ka kashe maciji ne ba ka sare kai ba, ko wata ba za a yi ba ta tofo, wani lokaci ma ta fi da kauri. In kuwa aka yanke ta can ƙasan ruwa, ruwan ya ci gaba da rufe kututturen na wasu makonni, sai saiwar ta rasa numfashi ta ruɓe, musamman in an maimaita yankan sau biyu ko uku. Sa wuta da rani da wasu suke yi yana buɗe wuri na ɗan lokaci ne kawai, saman yake ci, saiwar tana nan daram tana jiran ruwa. Shi ya sa lokacin gayya yake da muhimmanci, kuma shi ya sa masu gayyar suke buƙatar sanin yaushe za a sako ruwa daga dam da yaushe za a rufe, labarin da ba kasafai yake iso su da wuri ba.

Wani abin kuma, kogi ba gonar mutum ɗaya ba ne. In gari ɗaya ya share nasa rabon na gabansa bai share ba, ruwan sai ya taru ya koma kan waɗanda suka yi wahalar. Dole sai an haɗa garuruwan da ke kan hanya ɗaya, a raba musu tsayin kogin, a kuma fara daga inda ya kamata, to a nan ne hakimai da masarautun Haɗeja da Bade da Nguru suke shigowa. Kuma gaskiya ba kowa ne yake son hanyar ta buɗe ba. Akwai masu dumba, wato jerin tarkon kifi da ake gittawa a tare hanya, akwai manomin da zai fasa gaɓa cikin dare ya ja ruwa gonarsa, akwai wanda ruwan da ya kwanta ya zame masa wurin kamun kifi har ba ya so ya janye. Sai ka ga ana tufka ana warwara, rabin aikin shugabannin gayya ma ba a ruwa yake ba, a zaure yake wajen sasanta masunta da manoma da makiyaya.

Taimakon waje

Fadamar nan ta daɗe da jan hankalin mutanen waje, tun farko saboda tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna cin rani a nan. A 1987 aka fara wani shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru da hannun ƙungiyar kare muhalli ta duniya IUCN da wasu ƙungiyoyin kare tsuntsaye, kuma binciken tattalin arziƙi da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna in aka auna da yawan ruwan da ake kashewa, abin da fadamar take bayarwa na noma da kifi da itace ya fi na babban aikin noman rani na Kano. A 2000 aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, hekta 58,100, shi ne na farko a Najeriya.

Wanda ya fi taɓa maganar gayya kai tsaye shi ne shirin JWL na inganta rayuwar mutanen fadama, wanda hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, DFID, ta ɗauki nauyi a farkon shekarun 2000, don shi ne ya riƙa tara wakilan garuruwa daga jihohi daban daban suna zama wuri ɗaya, na sama su ji kukan na ƙasa, a tsara share hanyoyi tare, mutane su kawo ƙarfinsu hukuma ta kawo inji. A 2006 kuma aka yi taro a Damaturu da Shugaba Obasanjo da jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, aka kafa asusu na musamman don kula da kogin gaba ɗayansa. Bayan ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka yi wa Jigawa ɓarna sosai, maganar yashe kogin ta ƙara ƙarfi, gwamnatin jihar ma ta sayo injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa, suna aiki tare da ƙungiyoyin sa kai na garuruwa.

Inji ya fi hannu sauri ba gardama, abin da gari guda zai yi sati yana yi zai gama a yini. Sai dai yana shan gas, yana lalacewa a rasa kayan gyara, kuma ƙananan hanyoyin da suke kai ruwa gona ba ya shigarsu, waɗannan har yau sai lauje. Abin da inji da lauje duka ba sa iya yi kuwa shi ne hana ciyawar dawowa, don muddin ruwa marar zurfi yana kwance rani da damina to an share mata fili ne. Masana ruwa sun daɗe suna cewa a riƙa sako ruwa mai ƙarfi daga Tiga da Challawa a lokacin damina ya kwaikwayi ambaliyar da, da rani kuma a ɗan tsayar don hanyoyi su bushe, amma wannan yana karo da buƙatar masu noman rani da ruwan shan Kano, kuma makullin yana hannun hukuma a sama, ba ya hannun mutumin Guri da ke tsaye cikin laka. Shi ya sa wasu suke kiran gayyar aikin baban giwa, wanda bai cika adalci ba, tunda inda aka buɗe hanya ruwa yana komawa ana noma a kama kifi, sai dai baɗi a sake fitowa.

Ko za ta yi kuɗi

Mutanen yankin dama suna saƙa asabari da zana da ita suna kuma rufin ɗaki, amma wannan bai kai ya rage ta ba. A ƙarƙashin shirin inganta noman rani na TRIMING na Bankin Duniya an gwada sarrafa ta ta zama iskar gas ta girki da abincin dabbobi, da haɗin jami'ar tarayya ta Gashuwa da wasu jami'o'in Amurka da Sifen. A Senegal da Muritaniya, inda dam ɗin Diama da aka gama a 1986 ya jawo musu irin wannan ciyawa a Kogin Senegal, har gawayi ake yi da ita ana sayarwa. Wahalar ita ce ɗanyar kachala yawancinta ruwa ne, nauyi gare ta, fito da ita daga tsakiyar fadama a shanya a kai inda za a sarrafa yana cin kuɗi da ƙarfi, kuma wadda dabba za ta iya ci sai ƙarama wadda ba ta riƙa ba.