Ƙungiyoyin matasa masu kula da muhalli a Yamai

Ƙungiyoyin kula da muhalli ƙananan ƙungiyoyi ne na sa kai, waɗanda ɗalibai da matasan unguwa suke kafawa a Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, domin dasa itatuwa da tsabtace gari da wayar da kan jama'a a kan dabbobin daji da kogin Kwara. Wasu suna cikin makarantun firamare da kwalejoji da Jami'ar Abdou Moumouni, inda malami ko babban ɗalibi yake yi musu jagora. Wasu kuwa sun samo asali ne daga fada, wato majalisar samari masu shan shayi a ƙofar gida, wadda takan rikiɗe ta zama ƙungiyar aikin gayya idan shara ko ambaliya ta dami unguwa. Wadda take son hukuma ta san da zamanta takan yi rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, amma da yawa suna aiki da amincewar shugaban makaranta ko mai unguwa kawai.

Asali

Tushen wannan aiki yana cikin farin da ya auka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, wanda ya hallaka dabbobi da itatuwa masu yawa. A 1975, a zamanin mulkin Seyni Kountché, aka haɗa bikin samun 'yancin kai na ranar 3 ga Agusta da bikin dasa itace, kuma ƙungiyoyin samariya na wancan lokaci su ne suka riƙa fitar da jama'a zuwa filin dashe. Kafin haka, a 1965, an fara kafa shingen itatuwa a gefen Yamai domin tare iska da ƙura, akasarinsa bedi, wato dogon yaro, da itacen turare, kuma faɗin shingen ya haura hekta 2,000. Gine-gine da yankan filaye da zubar da shara sun ci babban ɓangare na wannan shinge, shi ya sa ya zama wurin da ƙungiyoyin yau suke yawan komawa, ko don dashe ko don nuna wa yara abin da aka rasa.

Dashe da reno

Aikin da aka fi sanin ƙungiyoyin da shi shi ne dashe, kuma a nan ne ake gane wadda take da gaske. Ana soma shiri tun da rani, a haɗa yashi da taki a cikin ƙananan ledoji, a shuka iri, a riƙa ban ruwa a ƙarƙashin inuwa har damina ta kankama. Waɗanda ba su da wurin reno sukan karɓi 'ya'yan itace daga jami'an ruwa da gandun daji. Ruwan saman Yamai yana zuba ne daga Yuni zuwa Satumba, don haka dashen farkon Agusta yakan samu 'yan makonni na danshi kawai kafin ya shiga watanni takwas na rani, da hunturu mai busar da ƙasa, da zafin Afrilu da Mayu wanda yake wuce digiri 40. Ga kuma awaki da suke yawo a titi, ga gara a ƙarƙashin ƙasa. Itacen da ba a kewaye shi da ƙaya ko waya ko tubali ba, kuma ba a ɗora wa wani takamaiman mutum alhakin shayar da shi ba, da wuya ya ga damina ta biyu. Abin takaici shi ne bikin dasa itace yana faɗowa a tsakiyar dogon hutun makarantu, lokacin da harabar makaranta ba kowa sai mai gadi, saboda haka ƙungiyoyin da suka ƙware sukan raba wa 'yan ajin da ke zaune kusa itace ɗaya ɗaya, su kuma ƙidaya waɗanda suka rayu a ƙarshen rani maimakon waɗanda aka dasa a gaban manyan baƙi.

Zaɓen iri ma yana da muhawara. Bedi yana saurin girma, yana ba da inuwa, dabbobi ba su cika damunsa ba, amma baƙo ne daga ƙasar Indiya. Masu son itatuwan gida suna fifita gawo da aduwa da kuka da magarya, su kuma mata sun fi maraba da zogale da mangwaro domin amfaninsu yana shiga tukunya. Wasu ƙungiyoyi suna koyar da dabarun da manoman karkara suka shahara da su, kamar ramukan tassa da rabin wata, wato ramuka masu tara ruwan sama, da aka farfaɗo da fako da su a yankin Tawa, musamman wajen Illela da Keita, da kuma barin tohon kututture ya girma a gona, dabarar da ta bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980.

Aiki a cikin unguwa

Gab da damina, 'yan ƙungiya sukan fito da shebur da baro da manjagara su yashe kwatoci, domin toshewarsu na cikin abin da ke sa ruwa ya shiga gidaje. Ambaliyar 2020, wadda kogi ya fasa shingensa ya mamaye unguwanni irin su Lamorde da Saga, ta ƙara wa wannan aiki muhimmanci a idon jama'a. Baƙar leda ita ce babbar abokiyar gaba: an kafa dokar hana ta a 2014, amma har yanzu tana maƙale a reshen kowace ƙaya, kuma tumaki da shanu suna haɗiye ta su mutu. Wayar da kai takan gudana ta wasan kwaikwayo da gasar kacici-kacici da shirye-shiryen rediyo, da Hausa da Zabarmanci, tare da neman bakin limamai da masu unguwa. Ana kuma tallata murhu mai tattalin itace da girki da gas, tunda itacen girkin birnin daga dazuzzukan kewaye ake saro shi.

Ziyarar dabbobin daji

A da, tafiyar da ɗalibai suka fi ɗoki ita ce ta Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke kiwo a tsakanin gonaki. Yawansu ya ragu zuwa kimanin 50 a 1996, sannan kariya da haɗin kan mazauna ƙauyuka suka sa suka haura 600, har aka kwashi takwas zuwa gandun dajin Gadabeji a 2018. Harin da aka kai a Kure ranar 9 ga Agusta 2020, wanda ya hallaka mutum takwas, ya durƙusar da yawon buɗe ido a wurin, kamar yadda rashin tsaro ya hana zuwa Gandun Dajin W, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1996. Yanzu yawancin darussan gani da ido suna gudana ne a cikin gari: a bakin kogi, inda ake kallon tsuntsaye da tulin yashin da ke cike kogin, da kuma gidan tarihi na Boubou Hama, wanda yake da gidan namun daji kuma aka adana ragowar itacen Tenere, wanda ya yi suna da tsayuwa shi kaɗai a hamadar Tenere har mota ta kayar da shi a 1973.