Kuɗin korona: wanne ne kyauta, wanne ne bashi, kuma me ya sa ake cire muku kuɗi a banki

Shagon kwamfuta gare ni a Kano. A 2020 da 2021 na cike wa mutane fom ɗin tallafin korona har na daina ƙirgawa: teloli, masu shayi, 'yan adaidaita sahu, malaman makarantun kuɗi, matan da ke kitso da saƙa a cikin gida. Shekaru sun shuɗe, amma da wuya mako ya fita wani bai shigo ya miƙo mini waya yana nuna mini alat ɗin cire kuɗi ba. Tambayoyin su ne dai na jiya, amsoshin ma haka. Bakina ya gaji, shi ya sa na tara su wuri guda. Duk wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Kuɗin korona kyauta ne ko bashi?

Ya danganta da wanda ka karɓa. Manyan guda biyu ne, kada ka cakuɗa su. Wanda Babban Bankin Najeriya ya fitar ta hannun bankin NIRSAL Microfinance bashi ne. Wanda ake kira Survival Fund kyauta ne.

To yaya zan gane wanne na karɓa?

Dubi adadin da ya shigo maka. Idan naira 30,000 ce sau ɗaya a matsayinka na mai sana'ar hannu ko direba, ko naira 50,000 ta ƙaramin ɗan kasuwa, ko albashin wata uku da aka biya ka kai tsaye saboda kana aiki a makarantar kuɗi ko ƙaramin kamfani, wannan Survival Fund ne. Ka ci halalinka, ba mai biyo ka. Idan kuwa dubu ɗaruruwa ne suka shigo bayan an turo maka takardar yarjejeniya ka danna ka amince, to malam bashi ka ci.

Ai ce mana aka yi rabonmu ne na arzikin ƙasa.

Wa ya ce? Banki ne ya ce, ko majalisar mai shayi? Tun watan Maris na 2020 da Babban Banki ya ware naira biliyan 50 ta farko, ƙa'idar a rubuce take: magidanci zai iya samun har naira miliyan 3, ƙaramar masana'anta har miliyan 25, kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari na ɗan lokaci, daga baya ya koma kashi 9. Abin da ke da kuɗin ruwa da wa'adin biya sunansa bashi. A shagona na sha karanta wa mutane takardar da babbar murya, layi bayan layi, mutum yana cewa in dai danna masa kawai, sauri yake yi. Na san halin da ake ciki a lokacin. An kulle Kano a watan Afrilu, azumi ya shigo cikin kullen, Kantin Kwari da Sabon Gari a rufe, tela bai ga ɗinkin Sallah ba. Mai yunwa ba ya tsayawa karatun takarda, wannan ban ga laifin kowa ba. Abin da ba na so shi ne a zo yau a ce ba a faɗa ba.

Na ji an yafe bashin.

Ji ka yi. Yafiyar bashin banki a rubuce take zuwa, daga bankin da ya ba ka. Muddin ba ka riƙe wannan takarda a hannunka ba, bashin yana wuyanka.

An turo mini saƙo a WhatsApp cewa an sake buɗe shafin bashin korona. In cike?

A'a. Tun Disamban 2023 Babban Banki ya dakatar da karɓar sababbin buƙatun irin waɗannan basussuka na tallafi. Masu turo maka adireshin suna neman lambar BVN ɗinka ne da lambar katinka da lambar sirrin da banki ke turowa ta waya. Ka ba su, su share maka asusu kafin ka idar da sallar la'asar. Kuma don Allah ku daina tura wa 'yan'uwa irin wannan saƙo da sunan taimako.

Bankin da aka cire mini kuɗi ba shi ya ba ni bashi ba. Wannan ba sata ba ce?

Ba sata ba ce. Akwai tsarin da ake kira GSI, wanda Babban Banki ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta, 2020. Ma'anarsa, ranar da ka karɓi bashi ka ba da izinin cewa in ka ƙi biya, a bi lambar BVN ɗinka a ɗebo kuɗin daga duk asusun da kake da shi a wani banki. A farkon 2022 aka ƙara masa ƙarfi, ya zama ana iya dawowa a yi ta ɗiba har sai bashin ya ƙare.

In na buɗe sabon asusu a wani banki fa, ko na koma bankunan waya?

BVN ɗin ɗaya ce. Ƙa'idar ta haɗa da asusun ajiya, da na yau da kullum (current), da na kuɗin waje, da na waya, har da asusun haɗin gwiwa. Ka daina wahalar da kanka.

An rubuta mini bashin naira 500,000, amma ejan ɗin da ya yi mini hanya ya karɓe rabi. Yanzu duka ake cire mini. Ya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ke hana ni barci, kuma ba ni da amsa guda mai daɗi. Ni ba lauya ba ne, abin da na gani a aikace zan faɗa, kuma shari'ar kowa da irin nata.

Mu fara da mai ɗaci. A wurin banki, wanda sunansa da BVN ɗinsa ke kan yarjejeniya shi ya ci bashi. Idan kuɗin ya shigo asusunka cif, sannan kai da hannunka ka tura wa ejan rabi ko ka ciro ka miƙa masa, to da wuya banki ya saurare ka. Zai ce tsakaninka ne da mutuminka. Fom ɗin nan kyauta ne, ba a taɓa cewa sai ta hannun wani ba. Na san wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a gida da aka yi wa haka, rabin da ya rage mata ta biya kuɗin haya da na makarantar yara, yanzu tana biyan duka. Ba ta yi wauta ba, amana ta ba wanda ya zo mata ta hannun dangi.

Duk da haka ba a rasa abin yi ba. Je bankinka ka nemi takardar shige da ficen kuɗi ta watan da bashin ya shigo. Idan ta banki ka tura wa ejan, sunansa da lambar asusunsa suna nan a rubuce, kuma wannan hujja ce da za ka iya kai wa 'yan sanda ko hukumar EFCC, ko ka shigar da ƙara. Idan hannu da hannu ka ba shi, to sai shaidu, kuma a nan abin yakan yi wuya. Sau da yawa na ga sulhu a gaban mai unguwa ko shugaban ƙungiyar kasuwa ya fi saurin fito da wani abu, musamman in ejan ɗin ɗan unguwa ne mai gudun tonon asiri. Ba na ce zai dawo da duka ba. Wani yakan dawo da rabi, wani ya yi ta alkawari, wani ya ɓace. Idan ku da yawa ne ya yi wa, ku haɗu ku je tare, muryar mutum goma ba ɗaya take da ta mutum ɗaya ba.

Akwai kuma wanda lamarinsa ya bambanta: ko sisi bai gani ba, an karɓi BVN ɗinsa da sunan za a sa shi a tallafi, aka ci bashi da sunansa kuɗin ya tafi wani asusu. Wannan zamba ce, kuma ya fi wancan ƙarfin hujja. Ya rubuta koke zuwa bankin da ya ba da bashin, ya nemi a nuna masa asusun da aka zuba kuɗin. Ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimi a ɗaya ya riƙe. Koken baki iska ne. Idan wa'adin da aka ɗibar wa banki ya wuce ba a yi komai ba, ƙa'ida ta ba shi damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ya haɗa da kwafin koken farko. Yana iya ɗaukar watanni, kuma ban ɗauki alkawarin za a dakatar da cirewa kafin a gama bincike ba.

Sannan ko da bashin naka ne halak malak, ka lissafa abin da aka cire. GSI na uwar kuɗi ne da kuɗin ruwan da ya taru, ban da tarar jinkiri. In ka ga an ɗebi fiye da abin da ake bin ka, ko an ci gaba da ɗiba bayan ka gama, wannan ma abin koke ne a rubuce. Kuma kada ka jira sai an kwashe maka jarin da abokin ciniki ya turo. Je reshen bankin da ƙafarka, ka tambayi ragowar abin da ke kanka, ka roƙi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinka. Ba dole su yarda da yadda kake so ba, amma wanda ya kai kansa ya fi samun sauƙi a kan wanda aka kamo. Ranar da ka gama, kada ka fito sai da takardar shaidar ka biya.

In na ƙi biya me zai faru, ɗaure ni za a yi?

Kwantar da hankalinka, rashin iya biyan bashi ba sata ba ne. Amma sunanka zai shiga kundin masu taurin bashi da bankuna ke dubawa, kuma ranar da ka nemi jari na gaske a ko'ina, nan za a tarar da kai.

Ni na cike Survival Fund har sau biyu ban samu ba. Sai mai hanya ake ba?

Ba zan rantse cewa ba a yi son kai a ko'ina ba. Amma ka dubi lissafin. Shirin gaba ɗaya naira biliyan 75 ne, cikin tsarin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 da kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya tsara, Ƙaramar Ministar Masana'antu ta lokacin, Mariam Katagum, ta jagoranci rabon. Gurbin masu sana'ar hannu da direbobi mutum 333,000 ne a duk faɗin Najeriya. Teloli da 'yan adaidaitan Kano kaɗai nawa ne? Tun asali tuwon bai kai yawan bakunan ba. Ban da wannan, mafi yawan fom ɗin da na ga sun faɗi a shagona, takardu ne suka kayar da su: sunan da ke BVN daban da na katin shaida, lambar wayar da aka yi rajista da ita ta ɓace tun tuni, ko mai makaranta yana biyan malamai a hannu ba shi da shaidar albashi ko ta wata ɗaya. Masu sana'ar hannu kuma galibi ta ƙungiyoyinsu aka bi, wanda ba ya cikin ƙungiya sai labari ya ji.

Rajistar CAC ɗin nan, hukumar rajistar kamfanoni, tana da wani amfani?

Tana da shi. A lokacin gwamnati ta ɗauki nauyin rajistar sunan kasuwanci 250,000 kyauta, na yi ta roƙon mutane su zo, suna cewa tarkon haraji ne. Da aka zo tallafin albashin ma'aikata, takardar CAC aka fara tambaya. Je ka yi, ka buɗe asusu da sunan shagon, ka sayi littafi ka riƙa rubuta ciniki.

Akwai kuɗin ruwa a ciki, na ci haram ke nan?

Wannan ka kai wa malaminka, ni fom nake cikewa. Abin da na sani shi ne daga baya an fito da nau'in da ba ruwa a cikinsa, bisa tsarin bankin Musulunci, wasu shi suka karɓa. Kuma ban taɓa jin malamin da ya ce tsoron riba hujja ce ta riƙe uwar kuɗin ba.

Mahaifinmu ya rasu da bashin a kansa.

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ku kai wa bankin takardar shaidar rasuwa, ku tambaya a rubuce ko akwai inshora a kan bashin da kuma abin da ya rage. Kada ku raba gado kafin ku ji amsa, Suratun Nisa'i ta sa biyan bashi gaba da rabo.

Da sunan matata aka karɓa, amma ni na juya kuɗin. Wa zai biya?

Kai. A takarda ita ake bi, kuma asusunta za a taɓa, wanda take tara kuɗin adashi da na ƙosai a ciki. Na ga mata sun zo shagona da hijabi jiƙe da hawaye saboda wannan, mijin yana can yana cewa ai ba sunansa ba ne. An ware wa mata kaso a tallafin nan, shi ya sa maza da yawa suka tura matansu da ƙannensu gaba. Alhaji, ɗauki lambar bashin gobe da safe ka je reshe, ka fara biya daga aljihunka, ka kawo mata rasit ta gani.