Iskandari bai mutu babu magaji ba

Ana yawan cewa Iskandari sarkin Makidoniya bai bar ɗa ba, shi ya sa kwamandojinsa suka yi watandar daular. Ba haka ba ne. Da ya rasu a Babila, shekarar 323 kafin haihuwar Annabi Isa, matarsa Roksana na da juna biyu, ta kuwa haifi namiji. Aka naɗa jaririn sarki tare da baffansa Aridayus. Wutar kuwa daga cikin gida ta tashi: kakar yaron, Olimfiyas, ta sa aka kashe baffan a shekarar 317, ita ma Kasanda, wani babban kwamandan Makidoniya, ya halaka ta a 316. Kasandan nan ne ya tsare yaron da uwarsa a garin Amfifolis, ya sa aka kashe su wajen 310, yaron bai wuce shekara 14 ba.