Waiwaye: Asalin maganin ciwon firgici ta hanyar sauraron sassan zuciya

Duk wanda ya taɓa zama da mutumin da ya tsira daga tashin hankali ya san wannan maganar: "Wata zuciyar tana ce min in manta, wata kuma ta hana ni barci." A Kaduna masu faɗin haka ba su ƙirguwa. Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, rikicin Fabrairun 2000 da ya sa jama'a suka kwashe komatsansu kowa ya koma tsallaken kogin da nasa suke, sai 2002 da 2011, sai harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, sai sace ɗaliban Kuriga a 2024. An kafa kwamitoci, an raba shinkafa da katifu. Abin da ya rage a ƙirjin mutane kuwa, da "a yi haƙuri" aka sallame shi.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likita a Faransa, Pierre Janet, ya lura cewa mummunan abin da ya fi ƙarfin mutum yakan ware daga sauran tunaninsa, ya riƙa dawo masa ba sallama. An daɗe ba a kula da aikinsa ba. Sai a 1980, bayan halin da sojojin Amurka suka dawo da shi daga yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suka amince da ciwon firgici bayan masifa a matsayin cuta mai zaman kanta.

A shekarun 1980 ɗin ne Richard Schwartz, masanin gyara zaman iyali a Cikago, yake duba 'yan mata masu cin abinci ba kima sannan su tilasta wa kansu amai. Suna ta ce masa wani sashe nasu ne ke sa su. Da fari ya nemi su murƙushe sashen, abin ya ƙara ta'azzara. Da ya koma tambayar sashen dalilinsa, sai ya gano kare su yake ƙoƙarin yi. Daga nan tsarin IFS (Internal Family Systems), wato magani ta hanyar sauraron sassan zuciya, ya samo asali, Schwartz kuma ya fitar da littafinsa a 1995.

Tsarin ya ɗauki zuciya kamar gida mai mutane da yawa. Akwai sassan da aka kulle da tsoro da kunyar ranar da abin ya faru. Akwai masu gadin ƙofa. Akwai masu rugowa kashe wuta idan ciwon ya motsa, ko da tiramol ne ko faɗa da iyali. Ɗauki matar da ke tashi cikin dare tana taɓa sakata, ta kwanta, ta sake tashi, alhali shekaru sun wuce. Ƙwararre ba zai ce mata "ki daina" ba. Zai ce, "Baba, tambayi wannan sashen, me yake tsoron zai faru in ya bar ki kika yi barci?" Ba a isa wurin abin da aka kulle sai mai gadi ya yarda, kuma ita da kanta ke jagora cikin natsuwa. Wannan ladabin ne ya fi burge ni, domin bai ƙara wa mai ciwo kunya ba.

Ba batun iska ko aljanu ake yi ba, kowa yana da waɗannan sassa. Malamanmu sun daɗe suna karantar da nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna, a coci kuma ana karanta kukan Bulus cewa abin da yake so ya yi ba shi yake yi ba.

Amma a faɗi gaskiya, binciken da aka yi kan IFS bai kai na wasu hanyoyin yawa ba. Cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su a 2013 akwai CBT mai fuskantar firgici, wato gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, da EMDR, inda mutum ke tuna abin da ya faru yana motsa idanunsa hagu da dama. Kuma tono irin wannan ciwo ba ƙwararre a kusa yana iya jawo illa.

Ƙwararrun ne muke ƙaranci. Najeriya ta zauna kan dokar mahaukata ta 1958 har Janairun 2023, lokacin da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana nan yana karɓar mutane daga jihohi da dama, sai dai har yau iyalai da yawa ba sa kai nasu sai ya fara fisge-fisge, saboda gudun abin da maƙwabta za su ce.