Bruce Ames

Bruce Nathan Ames (16 ga Disamba, 1928 zuwa 5 ga Oktoba, 2024) masanin kimiyyar sinadaran halitta ne ɗan Amurka, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. An fi saninsa da gwajin da ke ɗauke da sunansa, gwajin Ames, wanda ake amfani da bakteriya a cikinsa domin gano ko wani sinadari yana jirkita ƙwayoyin gado, abin da kan kai ga ciwon daji. A rabin farko na aikinsa bincikensa ya taimaka wajen janye wasu sinadarai daga kasuwa. A rabi na biyu kuwa ya zama ɗaya daga cikin masu cewa an kambama haɗarin sinadaran masana'antu fiye da kima.

Tasowa da karatu

An haife shi a birnin New York. Ya yi digirin farko a Jami'ar Cornell, ya kammala a 1950, sannan ya sami digirin digirgir a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya a 1953, a ƙarƙashin Herschel Mitchell. Bincikensa na digirgir a kan yadda wata funfuna mai suna Neurospora ke haɗa histidin ne, wato ɗaya daga cikin tubalan da jiki ke gina furotin da su. Wannan sinadari shi ne ya zama ginshiƙin aikinsa na shekaru 20 masu zuwa.

Daga 1953 zuwa 1967 ya yi aiki a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda, jihar Maryland. A can ya koma kan bakteriyar Salmonella typhimurium, yana bin diddigin jerin ƙwayoyin gadon da ke sarrafa haɗa histidin da yadda suke kunnuwa su kashe tare. Ya yi amfani da ire-iren Salmonella masu naƙasu da Philip Hartman na Jami'ar Johns Hopkins ya tara. A wajajen 1961 ya yi zaman bincike a ɗakin gwaje-gwajen Francis Crick a Ingila da na François Jacob a Faransa. Ya koma Berkeley a matsayin farfesa a wajajen 1968.

Gwajin Ames

A cewarsa, tunanin ya zo masa ne a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da yake karanta jerin abubuwan da aka zuba a cikin wani ƙunshin soyayyen dankali, ya tambayi kansa ko akwai wanda ya taɓa duba illarsu ga ƙwayoyin gado. A lokacin hanyar da aka sani ita ce a ciyar da ɓeraye sinadarin har kusan shekara 2, a yanka su a duba ko ƙarin ciwon daji ya fito, aiki mai cin kuɗi da ba za a iya yi wa dubban sinadarai ba.

Dabarar gwajin mai sauƙi ce. Ana ɗaukar Salmonella da ta sami naƙasu a ƙwayar gadonta, har ba ta iya haɗa histidin da kanta. A shimfiɗa ta a kan ƙaramin faranti mai abincin da histidin ɗinsa ɗan kaɗan ne, wanda zai ishe ta rabuwa sau 'yan kaɗan sannan ta tsaya. Sai a zuba sinadarin da ake zargi, a rufe, a ajiye a zafin digiri 37 a ma'aunin Celsius na tsawon awa 48 ko fiye kaɗan. Idan sinadarin mai jirkita ƙwayoyin gado ne, wasu daga cikin bakteriyar za su sake jirkicewa ta yadda naƙasun zai gyaru, su ci gaba da hayayyafa, su fito a matsayin ɗigo-ɗigo farare da ido ke iya gani. Mai gwaji yakan ƙirga ɗigon, ya kwatanta da farantin da ba a zuba wa komai ba, domin ko can ma akan sami 'yan kaɗan da suka gyaru da kansu. Yawan ɗigo shi ne ma'aunin ƙarfin sinadarin.

Sai da aka yi shekaru ana gyara kafin gwajin ya kankama. An raunana bangon jikin bakteriyar domin manyan sinadarai su iya shiga, an kuma cire mata wata hanyar gyaran DNA, wato sinadarin da bayanan gado ke rubuce a cikinsa, domin kada ta ɗinke ɓarnar kafin a gan ta. Daga nan aka samu nau'o'i masu lamba, irin su TA1535 da TA1537, sannan a 1975 aka fito da TA98 da TA100 waɗanda suka fi saurin kamawa. TA100 tana gano musanyar harafi ɗaya a rubutun DNA, TA98 kuma tana gano ƙari ko ragin harafi wanda ke karkatar da karatun gaba ɗaya.

Gyara mafi muhimmanci shi ne na hanta. Sinadarai da yawa ba su da illa a yadda suke, sai hantar mutum ta juya su, a ƙoƙarinta na fitar da su, sannan su zama masu kama DNA. Bakteriya ba ta da hanta. Don haka a 1973 Ames da abokan aikinsa suka bayyana yadda ake markaɗa hantar ɓera, a tace ta da na'ura, a haɗa ruwan da ake kira S9 a cikin farantin. Aflatoksin, gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi, tana cikin waɗanda ba sa nuna ƙarfinsu sosai sai an sa wannan ruwan hanta, kuma da an sa shi farantin yakan cika da ɗigo.

A 1975 Joyce McCann da Ames da wasu suka wallafa sakamakon gwada sinadarai kusan 300, inda kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka san suna jawo ciwon daji suka nuna alama a gwajin. Ames bai yi wa dabarar rajistar mallaka ba, kuma ya riƙa aika bakteriyar kyauta ga duk ɗakin gwajin da ya nema, abin da ya sa ta yaɗu cikin 'yan shekaru.

Rinin gashi da kayan barcin yara

A 1975 ɗakin gwajinsa ya ba da rahoton cewa 150 daga cikin rinin gashi 169 da aka gwada suna jirkita ƙwayoyin gado. Kamfanoni sun sauya wasu daga cikin abubuwan da suke haɗawa.

A farkon 1977 shi da Arlene Blum suka wallafa a mujallar Science cewa Tris, sinadarin da ake sa wa kayan barcin yara domin kada su kama wuta, yana jirkita ƙwayoyin gado. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta hana amfani da shi a tufafin yara a watan Afrilu na shekarar. Wani binciken da suka fitar a 1978 ya gano burbushin sinadarin a fitsarin yaran da suka kwana da irin waɗannan kaya, shaida cewa yana ratsa fata. A wannan zamani masu rajin kare muhalli sun ɗauki Ames a matsayin nasu.

Sauya matsayi

Tun daga ƙarshen shekarun 1970 shi da Lois Swirsky Gold suka fara tattara sakamakon gwaje-gwajen ciwon daji da aka yi a kan dabbobi a rumbu guda, tare da ma'auni ɗaya na ƙarfi, TD50, wato adadin da zai sa rabin dabbobin su kamu da ƙari a tsawon rayuwarsu. Abin da ya fito daga tarin ya ba da mamaki: kusan rabin duk sinadaran da aka gwada suna jawo wa ɓeraye ƙari, ko na masana'anta ne ko na tsirrai.

A 1987 suka fitar da wani ma'auni da ke kwatanta abin da mutum ke ci ko shaƙa a kullum da adadin da ke cutar da ɓera. A wannan jeri barasa, da aflatoksin da ke cikin man gyaɗar shafa wa burodi, da wasu sinadaran laimar kwaɗi sun zo sama da burbushin maganin ƙwari a abinci. Ma'aikatan da ke shaƙar wasu sinadarai masu yawa a wurin aiki kuwa sun fito a can sama, kuma Ames bai taɓa cewa nasu haɗarin ƙarami ba ne.

A 1990 shi da Margie Profet da Gold suka kiyasta cewa kashi 99.99 cikin 100, a nauyi, na sinadaran kashe ƙwari da Ba'amurke ke ci tsirrai ne da kansu ke haɗa su domin kare kansu, kimanin giram 1.5 a rana. Daga cikin irinsu 52 da aka gwada, 27 sun jawo wa ɓeraye ƙari. Hujjarsa ita ce gwajin dabbobi ana yin sa ne da adadi mafi yawa da dabba za ta iya jurewa, wanda ke kashe ƙwayoyin jiki ya tilasta wa sauran rabuwa a kai a kai, kuma yawan rabuwar ne ke haifar da kurakurai. Don haka, a ganinsa, sakamakon bai dace a miƙe shi kai tsaye zuwa ɗan abin da mutum ke gamuwa da shi ba. Ya ce shan taba da rashin cin ganyayyaki da 'ya'yan itace da cututtuka masu daɗewa a jiki su ne manyan dalilan ciwon daji. Ya yi adawa da dokar gargaɗin sinadarai mai lamba 65 da masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ita a 1986.

Masu suka sun ce ya raina tasirin sinadarai idan sun haɗu, kuma masana'antu sun yi amfani da sunansa. Wasu masanan ba su yarda cewa yawan rabuwar ƙwayoyi ya isa bayanin sakamakon ba. Wani bita da shirin nazarin guba na Amurka ya yi a 1987 a kan sinadarai 73 ya nuna cewa dacewar gwajin Ames da sakamakon ɓeraye ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 ba, domin akwai masu jawo ciwon daji ba tare da taɓa DNA kai tsaye ba.

Tsufa da abinci

Daga baya ya karkata ga ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa DNA da alaƙarta da tsufa. A wajajen 2000 ya koma cibiyar bincike ta asibitin yara da ke Oakland. A 2006 ya gabatar da ra'ayin cewa idan bitamin da ma'adanai suka yi ƙaranci, jiki yana ba da fifiko ga ayyukan tsira na yau, ya bar gyare-gyaren da rashinsu sai a tsufa yake bayyana.

Amfani a yau

Gwajin Ames na cikin ƙa'idojin gwaji na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, mai lamba 471, kuma ana buƙatarsa kafin amincewa da sababbin magunguna.

Iyali da lambobin yabo

Matarsa, Giovanna Ferro-Luzzi Ames, ita ma ta yi aikin farfesa a Berkeley. An zaɓe shi cikin Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 1972. Ya sami lambar Tyler a 1985, lambar Japan a 1997, da lambar kimiyya ta ƙasa a 1998. Ya rasu a Berkeley yana da shekara 95.